Lemur ba biri ba ne: kurakuran da aka fi yi a kansa

Duk sanda aka saka hoton lemur a Facebook sai ka ga ana "kai, wannan birin akwai kyau". To ba biri ba ne fa. Dangi ne na nesa, amma ya fi kusa da galago, ɗan ƙaramin dabban nan mai manyan idanu da ke tsalle a bishiya da dare a dazukanmu. Ka duba hancinsa, a jiƙe yake kamar na kare. Kuma a daji Madagaska kawai yake, sai 'yan kaɗan a tsibiran Komoros da ake ganin mutane ne suka kai su.

Sunan ma ana kuskure a kai. Carl Linnaeus, masanin halittu ɗan Sweden, ne ya raɗa shi a shekarun 1750 daga kalmar Latin "lemures", wato fatalwa, mutane sai su ɗauka saboda kukansu ne mai ban tsoro, alhali shi yawon dare da tafiya a hankali ya duba, kuma wata dabbar Asiya da ake kira loris ya fi nufi da farko. Ba duka ne ma ke yawon dare ba, mai wutsiya zobe-zobe ɗin nan da rana yake harkarsa, da safe za ka gan shi zaune ya ware hannuwa yana shan hantsi.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne aye-aye. Masana da kansu sun daɗe suna lissafa shi cikin dangin kurege da ɓera, saboda haƙoransa na gaba ba sa daina girma, sai a shekarun 1860 Richard Owen na Ingila ya nuna lemur ne. Yana da yatsan tsakiya siriri dogo, da shi yake ƙwanƙwasa itace yana saurare, in ya ji rami a ciki sai ya huda da haƙori ya zaƙulo tsutsa. Wallahi abin mamaki ne, amma a wasu ƙauyukan kashe shi ake yi don ana ɗaukarsa mugun alama.

Sannan katun ɗin yara mai suna Madagascar ya sa ana zaton namiji ne sarki. A yawancinsu mace ce ke gaba, ita ke fara cin abinci. Masaniyar dabbobi Alison Jolly ta ga haka tun da ta fara bincike a gandun dajin Berenty da ke kudancin Madagaska a 1963.

Kuma ba iri ɗaya ba ne, sun haura 100, daga mai nauyin giram 30 har indri mai kai kilo 9. Masu cewa "ina son in samu ɗaya a gida" don Allah ku bari, dokar Madagaska ta hana, kuma a lissafin 2020 na IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, iri 103 cikin 107 na fuskantar ƙarewa, saboda sare daji da ƙona shi don noma da gawayi, da kuma farauta.