Yadda za ku kai yara kallon wasan jiragen sama a Fairford

Kusan duk watan Yuli, sansanin sojin sama na Fairford da ke yankin Gloucestershire a Ingila yakan cika maƙil saboda bikin RIAT (Royal International Air Tattoo), babban wasan jiragen saman soja, wanda aka fara yi a can tun 1985. Kwana uku ne, Juma'a zuwa Lahadi. Ga yadda nake yi da nawa iyalin.

Tikiti a intanet ake saye tun da wuri, kada ku je da niyyar saye a bakin ƙofa. Ku yi sammako, don hanyoyin wurin na ƙauye ne, ƙanana, hantsi na yi motoci sun cushe. Wanda ba shi da mota ya hau jirgin ƙasa zuwa Swindon, akwai bas da ke kwasar mutane daga can.

Abin da ya fi damuna shi ne kunnen yara. Idan jirgin yaƙi samfurin Typhoon ya taso yana feso wuta ta baya, ƙarar har cikin ƙirji za ka ji ta. Na ga yaron da ya durƙushe, ya cusa kansa cikin hijabin uwarsa yana kakkarwa, ranar kuma kallo ya ƙare musu ke nan. Ku saya wa kowane yaro marufin kunne mai kama da na jin rediyo, wanda ke rufe kunnen gaba ɗaya. Na soso da ake cusawa ba ya zama a kunnen ƙaramin yaro. Ku sa musu shi tun a gida su saba, in ba haka ba a fili za su fizge shi. Jariri kuwa, a ganina gara a bar shi wurin gwaggonsa.

Da shigarku ku fara zaga jiragen da aka jera a ƙasa, kafin ƙafa ta gaji. Layin jiragen yana da tsawo ƙwarai, ku zaɓi kaɗan. Matuƙan suna nan tsaye gefen jiragensu, suna amsa tambayar yara da fara'a. Daga nan ku nemi wuri guda kusa da shingen 'yan kallo, ku shimfiɗa tabarma ku zauna.

Filin babu inuwa, kuma ruwa na iya saukowa ba sallama: hula, gorar ruwa, rigar ruwa. Ku yi guzuri daga gida, abincin halal ba lallai a samu ba, ga tsada. A tafi da sallaya. A rubuta lambar waya a hannun kowane yaro.

Ku duba jadawali don kada fitowar Red Arrows, tawagar wasan jirage ta sojin saman Birtaniya, ta same ku a layin banɗaki. Jajayen jirage ne samfurin Hawk, suna tafe a jere suna zubo hayaƙi ja da fari da shuɗi. Da an tashi kada ku yi ribibin fita. Ku ci sauran guzurin har cunkoso ya ragu.