Kurakuran da ake yi wurin zaɓen tsohon fim ɗin Cana

Da yawa daga masu cewa tsofaffin fina-finan Cana shirme ne, kwafin da ya faɗo hannunsu ne ya cuce su.

A fara da suna. Ba kowane Bruce ne Bruce Lee ba. Shi ya rasu a Hong Kong a 1973 yana da shekara 32, kuma fina-finan faɗa huɗu kacal ya kammala: The Big Boss, Fist of Fury, The Way of the Dragon da Enter the Dragon. Yana rasuwa 'yan kasuwa suka kwaso masu kama da shi, aka laƙaba musu Bruce Li, Bruce Le, Dragon Lee. Don haka ka duba yadda aka rubuta sunan, ka duba shekara. Ko Game of Death na 1978, da ya fara bai kammala ba, wajen minti 11 ne ainihin faɗansa. Sauran wasu ne aka yi ta ɓoye fuskarsu da baƙin tabarau.

Sai dariyar da ake yi idan ekta ya rufe baki amma magana na ci gaba. Ba laifinsa ba ne. A Hong Kong ta lokacin, hoto kawai ake ɗauka, daga baya a shiga situdiyo a ɗora murya da ƙarar naushi. Muryar Turanci kuwa mutane ƙalilan ne ke yin ta a gurguje, mutum ɗaya ya yi bos, ya juyo ya yi yaron bos. Idan aka sake ɗora fassarar Hausa a kan wannan, Allah kaɗai ya san abin da ya rage na labarin. Nemi mai muryar Mandarin ko Kantonis, wato harsunan Cana, da fassara a rubuce a ƙasa.

Ka kuma guji kwafin da aka juyo daga kaset. An ɗauki fim ɗin da faɗi don majigin silima, aka datse gefe da gefe don ya shiga talabijin, sai ka ga ƙafa ta kai duka ba ka ga mai ita ba.

Labari fa? An kashe malami, almajiri ya tafi horo, ya dawo ɗaukar fansa. Wanda ya zauna jiran fiye da haka zai sha hamma. Horon ake kallo, kamar a The 36th Chamber of Shaolin na 1978.

Amma fina-finan ninja na darakta Godfrey Ho na shekarun 1980, kada ka wahalar da kanka neman kwafi mai kyau. Tsohon fim ake sayowa a yanka, a cusa Turawa cikin kayan ninja, a sa sabon suna.