Yadda Ake Tabbatar da Cewa Ƙarfen da Ka Saya Indiyum Ne

Sau da yawa malamin kimiyya ko ɗalibi kan yi odar ɗan guntun indiyum ta intanet, a kawo masa farin ƙarfe mai sheƙi, ya karɓa ya ajiye. Ƙarfen nan tsada gare shi, kuma kuza da darma sun fi shi araha nesa ba kusa ba, don haka ka gwada kafin ka yarda.

Fara da farce. Indiyum na gaskiya yana da taushi sosai, farce zai bar masa alama, wuƙar kicin kuma ta yanka shi ba wahala. Lanƙwasa shi kusa da kunne, za ka ji ɗan ƙara. Amma kada ka tsaya nan, domin kuza ma tana wannan kukan. Awon nauyi zai fitar da darma nan take, tunda kowane santimita kubik nata giram 11.3 ne, na indiyum kuwa 7.3. Sai dai ita ma kuza 7.3 ce, shi ya sa ban cika ɓata lokaci a kan sikeli ba.

Gwajin wuta shi ne inda ɗalibaina suka fi faɗuwa, kuma da shi aka gano ƙarfen tun farko. A 1863, a makarantar ma'adinai ta Freiberg a Jamus, Ferdinand Reich yana neman wani ƙarfe mai suna taliyum a cikin duwatsun tutiya. Ba ya bambance launuka, sai ya sa abokin aikinsa Theodor Richter ya duba masa na'urar raba haske. Koren layi, alamar taliyum, suke jira, sai ga wani layi mai launin shuni, irin na rinin baba da muka sani a marina. Daga sunan wannan rinin a harsunan Turai aka samo sunan indiyum. Wannan launin kake nema.

Yanki ɗan ƙanƙane kamar ƙwayar gero, ka jefa a asid na haidirokulorik mai rauni, ka ɗan ɗumama, domin a sanyi narkewar tana jan lokaci. Tabarau a ido, taga a buɗe. Sai ka tsoma wayar nikrom (wayar ƙarfe mai jure wuta) a cikin ruwan asid ɗin, ka kai gefen harshen murhun Bunsen (murhun gas na ɗakin gwaji), ba tsakiya ba.

Ga inda abin ke lalacewa. Yara kan riƙe bakin wayar da yatsa, gishirin gumi ya hau kai, wuta ta yi ɗorawa shar ta rufe komai. Sodiyum, sinadarin da ke cikin gishiri, ɗan kaɗan ya isa ya danne shunin gaba ɗaya. Na taɓa ganin aji guda sun yanke hukunci cewa an cuce mu, alhali wayar ce ba ta da tsabta. A wanke ta da asid, a ƙona, a sake wankewa, har sai ta daina canza launin wuta. Ruwan famfo ma kada ya kusanci aikin, sai tataccen ruwa. Matsala ta biyu, wutar gas ita kanta shuɗiya ce, ido kan ruɗe. Ni dokata a rufe labule, a rage wutar, a fara kallonta babu komai na ɗan lokaci. In kana da gilashin kobal, wato shuɗin gilashi, ka duba ta cikinsa, yana tare ɗorawar.

Na ƙarshe narkarwa. Sa guntun a bututun gwaji cikin man farafin da ma'aunin zafi, ka ɗora a wuta. Indiyum na narkewa a digiri 156.6 na Celsius, kuza sai 232. In ya narke a tafin hannunka tun kafin nan, wani ƙarfe ne mai suna galiyum aka ba ka. Guntun da ya huce ka ajiye a leda mai rubutu, ana sake amfani da shi.