Yadda za ka amsa wa ɗanka in ya ce kimiyya ta ƙaryata Littafi Mai Tsarki

Yaro ya dawo daga makaranta ya ce maka malam ya ce sararin samaniya ya kai shekara biliyan 13.8, toh ina kwana shida na Farawa? Kar ka daka masa tsawa, in ka yi haka gobe ba zai sake tambayarka ba, wani zai je ya tambaya.

Fara da fitar da shi waje da dare. Nuna masa Kaza da 'Ya'yanta, ka buɗe masa Ayuba 38:31 ya ga Allah da kansa ya ambace su. Ka faɗa masa hasken rana kan ɗauki minti 8 kafin ya iso mu, na tarin taurarin Andromeda kuwa shekara miliyan biyu da rabi. Bar shi ya yi mamaki tukuna.

Sannan ka raba masa tambayar gida biyu, nan ne yawancinmu muke kuskure. Madubin hangen nesa yana auna yadda abu yake da tsawon lokacin da ya ɗauka, amma wa ya yi shi kuma don me, wannan ba aikinsa ba ne. Ku karanta Farawa 1 tare a hankali, za ka ga sai a kwana na huɗu aka halicci rana, tun ƙarni na biyar Agustin, wani babban malamin Ikilisiya, ya lura da haka ya ce waɗannan kwanaki ba irin namu ba ne. Akwai masu bi da suka riƙe awa 24 sak, faɗa masa hakan ma da gaskiya.

Ba shi labarin Georges Lemaître, fada ne na Katolika ɗan Beljiyam, shi ne a 1927 ya nuna da lissafi cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, a 1931 ya ce komai daga farko guda ya taso, abin da yau ake kira Big Bang. Abin da ya fi burge ni da shi, da Fafaroma Pius na 12 ya so ya mai da wannan hujjar halitta a 1951, Lemaître bai ji daɗi ba sam, don ya san bincike yana canzawa kuma bai kamata a rataya bangaskiya a kansa ba. Kepler, shahararren masanin taurari, shi ma mai bi ne sosai.

Zancen Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, zai taso, kar ka ɓoye. Ikilisiya ta hukunta shi a 1633 kan cewa duniya ce ke zagaya rana, kuskure ne, Fafaroma John Paul na 2 ya amsa haka a 1992. Yaro ya ji daga bakinka ya fi ya tsinta a intanet.

In ya kawo tambayar da ta fi ƙarfinka, ce masa ku nemo tare, ku sa ranar da za ku sake zama.