Yadda Za a Shigo da Haske Cikin Tsohon Ginin Makaranta

Duk wanda aka ba gyaran tsohon ginin makaranta a Katsina, shawarata ya fara zuwa tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Ginin ƙasa ne, yau gidan tarihi. Ya dafa bangon ya ga kaurinsa. Kaurin nan ke riƙe sanyi, kuma shi masu gyara suka fi ɓarnatarwa da sunan neman haske.

Kafin ka ɗauki guduma, zauna cikin ajin da hantsi, ka dawo da la'asar, ka ga inda duhu ke kwanciya. Bangon gabas da na yamma bar su yadda suke, domin ta nan rana ke shigowa a kwance, ta kashe wa yara ido, ajin ya ɗau zafi. Kudu da arewa za ka buɗe. Nan wajenmu rana takan karkata arewa ne daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta kawai, sauran shekara tana kudu, don haka tagar kudu sai da baranda ko 'yar rumfa.

Ka ɗaga tagar sama, kusa da rufi. Haske yakan shiga ciki kamar ninki biyu na tsayin kan taga daga ƙasa, shi ya sa siririyar taga a sama ta fi ƙatuwa a ƙasa amfani. Amma kada ka kuskura ka fasa daidai inda azara ta hau bango, ko gindin bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe da rufi. Nan nauyin rufin yake. Leɓen tagar ta ciki a fafe shi ya buɗe, a shafe da farar ƙasa. Za ka ga hasken ya bazu har lungu.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yaɓen siminti a bangon ƙasa. Danshi yake tarewa a ciki, tubali ya ruɓe ba a sani ba. Nemi tsofaffin magina su yi maka makuba, yaɓen gargajiya da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, a gyara indararo ya riƙa zubar da ruwa nesa da gindin gini.

Sabuwar taga ta bi faɗin tsofaffin da jerinsu. Shuɗin gilashi ba ya shiga da jar ƙasa. Sa murfin katako saboda ƙurar hunturu, ka fara da aji ɗaya bayan damina, sauran su biyo in ya yi.