Yadda ake saita kuloci bayan an canza wa mota inji

Mutum zai je Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo inji ɗan Beljiyom a ɗora masa, mota ta tashi lafiya lau, sai an zo saka giya a ji ƙarrr, ko kuma kuloci ya koma can sama sai ka kusa ɗage ƙafa gaba ɗaya kafin ta motsa. To ɗan'uwa yawanci ba injin ba ne, kaurin filawil ɗin da ya zo da shi, wato faifan ƙarfen bayan inji da kuloci ke kamawa, shi ne ya bambanta da tsohon ko injin sit, wato mazaunin inji, ya sa giyabos ya ɗan gusa, shi kenan tafiyar fok, ƙarfen da ke tura kuloci ya saki in ka taka feda, ta canza.

Fara duba wasan feda. Mota a kashe, ka danna fedar kuloci da yatsa har inda za ka ji ta fara tauri, wannan ɗan wasan shi ne komai. A Toyota masu kulocin mai irin su Hiace da Hilux ana son milimita 5 zuwa 15. In babu wasa kwata-kwata riliz beyarin, wato beyarin da fok ke turawa, na nan yana gugar farantin da ke matse kuloci dare da rana, nan da ɗan lokaci zai fara kuka kuma kuloci ya dinga zamewa a hawa. In wasan ya yi yawa kuma kuloci ba zai saki sosai ba, giya ta ƙi shiga.

In kulocin motarka mai waya ne ba mai mai ba, bi wayar har inda ta kama fok a jikin giyabos, akwai noti biyu, sassauta na kullewa da sifana ka juya ɗayan kaɗan kaɗan kana komawa kana gwada feda, kar ka yi ta murɗawa lokaci ɗaya. Ka kuma tabbata wayar ba ta lanƙwashe ba ba ta kuma kwanta a kan salansa ba. Wani abu da yaran gareji ke yawan mantawa wallahi shi ne wayar at, wato wayar da ke mayar da wuta daga jikin inji zuwa batir, in ba a mayar da ita ba wutar kik sai ta nemi hanya ta bi ta wayar kuloci ta dafa ta, feda ta yi tauri ka rasa dalili. Golf 3 da yawa kuma wayarsu da kanta take saita kanta, babu notin da za ka juya, in ta ƙi sai canji.

Kuloci mai aiki da mai kuwa, cire iska tukuna kafin ka taɓa komai. Cika kofin man kuloci da man birki DOT 3 ko DOT 4, wani ya yi ta famfa feda ya riƙe a ƙasa, kai ka buɗe ɗan notin silindar ƙasa da ke jikin giyabos ka rufe kafin ya saki, haka har kumfa ta daina fitowa, kana lura kar kofin ya bushe. Sannan ka saita sandar da ke bayan feda. Don Allah kar ka bari a ƙara wa sanda tsawo da walda, in ta matse famfon sama da feda ke turawa, mai ba ya komawa kofi, mota na ɗaukar zafi kuloci ya fara zamewa.

Gwaji: tada mota, taka kuloci har ƙasa ka ƙirga uku ka saka ribas, ya shiga shiru. Sai ka ja hambirki ka saka giya ta uku ka saki kuloci a hankali, ya kamata inji ya mutu. In ka saita iya saitawa har yanzu ribas na ƙara, daina wahalar da noti, a sauke giyabos a duba, ko dai an juya diskin kuloci baibai ko farantin bai dace da filawil ɗin sabon injin ba.