Darasi na 9: Irin kafe da ingancin ƙwayarsa

Kafen da mai shayi ke dama muku da safe ba a ƙasarmu ake noma shi ba. Zafin Maraɗi ya fi ƙarfin bishiyarsa, ruwan damanarmu kuma bai ishe ta ba. Amma yadda masana ke zaɓen irinsa abin koyo ne ga mai garka a Jiratawa ko a bakin Gulbi.

Kafe iri biyu ne suka cika kasuwar duniya, Arabika da Robusta. Arabika asalinsa tsaunukan Habasha, daga can ya ƙetara Yaman. Ya fi ƙamshi, ya fi tsada. Robusta ya fi ɗaci, ya fi jure zafi da cuta, kuma shi aka fi sawa a kafen gwangwani.

Babban bambancinsu a fure yake. Furen Arabika kansa yake barbara, kamar na wake, shi ya sa ɗa ke fitowa kamar uwa. Robusta kuwa ba ya yin ƴaƴa sai garin furen wata bishiya ya zo masa, don haka ƴaƴansa kowa da halinsa. Da Turawa suka yaɗa Arabika a duniya, ƴan bishiyoyi kaɗan suka ɗauka. Yawancin gonaki sai suka zama zuriyar gida biyu, Tifika da Burbon. Cutar da ta kama ɗaya, ta kama duka. A 1869 wata cuta da ake kira tsatsar ganye ta ɓulla a tsibirin Silon, wanda yau ake kira Siri Lanka. Ta yi ta cin gonaki har manoma suka haƙura suka koma noman ganyen shayi.

Daga baya aka samu wata bishiya a tsibirin Timor, wadda Arabika da Robusta suka haifa ba da hannun mutum ba, tsatsa ba ta cinta. Masana suka haɗa ta da wani gajeren Arabika, aka samu Katimor. Yana jure cuta, yana ba da yabanya, sai dai masu saye sun sha kukan cewa wasu zuriyarsa ba su kai tsofaffin iri daɗin sha ba. Buhu ya cika, farashi ya faɗi, ina ribar?

A Biyetnam da wasu yankunan Barazil ban ruwa ake yi wa kafe, kuma da dabara. Akan bar bishiya ta ɗan ji ƙishi da rani, sannan a ƙosar da ita. Furanni sai su buɗe lokaci guda, ƴaƴa su nuna tare. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ɗanye in ya shiga cikin nunanne yana ɓata ɗanɗano. To amma ba kowane iri ke amsa ruwa daidai ba. Wani yakan ɗauki ƴaƴa fiye da ƙarfinsa, ƙwayar ta fito ƙanana. Shi ya sa ake dasa iri da yawa a fili ɗaya, ruwa ɗaya, taki ɗaya, a auna na kowa daban. A tankaɗe ƙwayar da rariya a ga girmanta, a tsince ɓatattu, a soya, a niƙa, a ɗanɗana. Aikin na masu haƙuri ne: bishiyar sai ta shekara 3 ko 4 take fara haihuwa, sabon iri kuma yakan ci shekara 20 ko fiye kafin ya kai hannun manomi.

Aikin gida: kowa ya zo da tafi ɗaya na kowane irin wake da ke gidansa, har wanda tsofaffi suka adana. Ku rubuta sunan kowane, da wanda ya fi saurin nuna, da wanda ya fi kuɗi a tiya. Ku tambayi uwargida wanda ya fi daɗi a tukunya, ku rubuta amsarta a layi na daban.